Inci Biyu a Gaban Akori-kura

Matar da ke raba wasiƙu ce ta fara hango wata akori-kura, a kife cikin busasshen rafin da ke gefen hanyar Gishiri, tayoyinta suna kallon sama. Kafin Hollis Tackett, mataimakin sherif ɗin da ke shugabantar 'yan sandan yankin, ya iso daga garin Pardo Wells rana ta ɗaga, ƙudaje sun riga shi zuwa. Ya gangara yana dafa duwatsu, ya leƙa ta tagar direba, sai ya cire hularsa. Emmett Sills ne, mai buga wa dawaki takalmin ƙarfe. Wuyansa ya karye, jikinsa ya sandare tun jiya. Uwar maƙerarsa da guduma da ƙusoshi duk sun watse cikin yashi.

"Allah ya jiƙanka, Emmett," in ji Hollis.

Babu dokin da ke yammacin Texas ɗin nan da Emmett bai taɓa ɗaga ƙafarsa ba. Mutum ne mai fara'a, ba ya shan giya, tuƙinsa kuwa irin na tsofaffi ne, har tsokanarsa ake yi a kai. Irin wannan ba ya faɗawa rafi haka kawai a miƙaƙƙiyar hanya. Hollis ya zagaya bayan motar. A jikin ƙofar baya akwai lotsawa doguwa, a kwance, da wasu biyu a tsaye. Ya san wannan tambarin. Garkuwar ƙarfe ce, irin wadda kowa a nan yake ɗaura wa gaban motarsa saboda shanu da barewa. Wani ne ya biyo Emmett ta baya ya tura shi.

Ya jira motar janwe ta zo ta miƙar da akori-kurar bisa tayoyinta a kan hanya. Ya sa aka kwaso kayan aikin aka mayar ciki, don ta zauna yadda take jiya. Sannan ya durƙusa da tef ɗin awo, ya auna daga ƙasa zuwa lotsawar, ya je ya auna garkuwar motar ofis da ya zo da ita. Lotsawar ta fi garkuwar nisa daga ƙasa da inci biyu.

Ko jariri a garinmu ya san ma'anar wannan. Akori-kura daga kamfani takan zo ne gaba a duƙe, baya a ɗage, don in an loda kaya ta daidaita. Mazanmu kuwa ba sa son haka, wai mota ta yi kama da akuya mai kiwo. Sai a kai ta gareji a sa zoben ƙarfe a saman sifirin ɗin gaba, dama da hagu, gaba ya tashi inci biyu ya yi daidai da baya. Motar da ta kashe Emmett an daidaita mata gaba.

Hanyar Gishiri ba ta ɓullewa ko'ina, kuma mutum uku ne ke bin ta a kwanakin nan. Akwai Dub Fenner mai kiwon awaki. Akwai Boyd Pruitt, abokin Hollis tun suna makaranta. Sai kuma Nestor Arriaga, wanda ke haƙa rijiyar burtsatse a ƙarshen hanyar. Da Hollis ya zo kan suna na uku sai gabansa ya faɗi, amma ba faɗuwar tsoro ba. Murna ce, kuma ya san murna ce.

Nestor ne zai auri Nadine a wata mai kamawa, Nadine kuwa tsohuwar matar Hollis ce. Ba Nestor ne ya raba su ba, kowa ya sani. Ita ta tattara kayanta da kanta, ta ce ta gaji da zama da mutumin da ko kanti ta je sai ya titsiye ta da tambaya, ina kika tsaya, wa kika gani, me ya ce miki. Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin Hollis a coci ranar Lahadi ba, littafin waƙa a juye a hannunsa, idonsa a kan ƙeyar Nestor.

Ya fara da Dub. Ya same shi yana zuba wa awaki dusa, motarsa a gefe, an ɗaga ta sama har sai da tsani ake hawa.

"Jiya da yamma ina kake?"

"Ina nan ina faɗa da bunsuru. Ga shaida." Ya nuna cinyarsa. "Da gaske ne Emmett ya mutu?"

"Da gaske ne. Ture shi aka yi."

Hollis ya ɗora tef a garkuwar motar. Ta kai masa ƙirji.

"Haba Yallaɓai," in ji Dub, "in da wannan ce ta bi ta kansa, ai da ba ka sami abin awo ba. Da cokali za ka kwashe shi."

"Ka iya bakinka, mutum ne ya mutu."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ni ma dokina zai yi kewarsa."

Daga nan ya wuce gidan Boyd. Boyd ya fito da kofi biyu a hannu, suka zauna a baranda kamar yadda suka saba. Matarsa Lorna tana tsaye daga cikin ƙofa, idanunta sun yi ja.

"A nan ya yi aikinsa na ƙarshe," in ji Boyd. "Goɗiyar Lorna ya yi wa takalmi. Da yamma ya tafi, lafiyarsa ƙalau."

"Ka fita bayan tafiyarsa?"

"Ina zan je? Ciyawa nake jerawa."

"Bari in auna motarka, don kada a ce na yi son kai."

"Auna mana, aikinka ne."

Motar tana tsakar gida, gaba a duƙe. Garkuwarta duk ƙarzuwa ce, amma haka ta kowa take, da ita ake tura ƙofar shinge da bijimi mai taurin kai. Hollis ya auna. Ta gaza da inci biyu cif.

"Yadda kamfani ya yi ta, haka take," in ji Boyd. "Ban taɓa sa mata sifana ba. Ni ba na wannan ƙwalisar ta yara." Ya kurɓi kofi, ya kalli hanya. "Ka je wajen mutumin naka kuwa? Ka dai san sun yi da Emmett."

Hollis ya sani, gari duka ya sani. Kwanan baya Emmett ya kuskure, ƙusa ta shiga naman kofaton dokin Nestor, dokin ya gurgunce. Nestor ya tare shi a gidan abincin da ke kusa da gidan mai, gaban mutane, ya ce in dokin bai tashi ba sai ya ga bayansa.

Ya tarar da Nestor shi kaɗai a gindin injin haƙa, laka har gwiwa. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen da ko zaginsu ka yi sai su tambaye ka ko ka ci abinci. Wannan sanyin ne ya fi ƙona wa Hollis rai. Motarsa tana gefe, gaba da baya sun daidaita sumul. Hollis bai ko gaishe shi ba, ya durƙusa ya ɗora tef. Awo ya yi daidai da lotsawar, ba ragi ba ƙari. To, faɗuwa ta zo daidai da zama.

"Jiya da yamma ina kake?"

"Ina nan, Yallaɓai. Bututu ya maƙale, ban bar nan ba sai da rana ta faɗi."

"Wa ya gan ka?"

"Babu kowa. Lafiya dai?"

"Da za ka koma gida ba ka ga mota a rafi ba?"

"Ban duba rafi ba. Motar wa?"

"Ka ce sai ka ga bayan Emmett Sills, ko ba ka ce ba?"

Nestor ya ajiye sifanar da ke hannunsa a hankali. "Na ce. Raina ne ya ɓaci. Amma washegari na je na ba shi haƙuri, har ya zo ya duba dokin. Me ya sami Emmett?"

"Juya. Kawo hannunka baya."

Ya sa masa ankwa, ya matse ta fiye da yadda ya kamata. Duk tsawon hanya yana kallonsa ta madubi, yana tunanin wai wannan fuskar ce Nadine ke yi wa murmushi da safe. Sherif yana asibiti an yi masa aikin gwiwa, saboda haka ofis na hannun Hollis. Ya jefa Nestor bayan kanta, ya kulle, ya ji wani sanyi ya ratsa masa ƙirji. In alƙali ya yarda da wannan awon, Nestor ba zai sake ganin waje ba sai da furfura, in ma ya gani.

Nadine ta shigo ofis ko hular aikinta ta gidan burodi ba ta cire ba, gari a hannunta. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Buɗe masa, Hollis."

"Ba ni na rufe shi ba, shaida ce."

"Wace shaida? Mota nawa ce a garin nan aka ɗaga wa gaba?"

"A hanyar Gishiri guda ɗaya ce."

"Dube ni." Ya dube ta. "Ka ji daɗi. Ga shi nan a fuskarka, kamar yaron da aka ba alewa. Emmett yana kwance a firjin asibiti, kai kuma daɗi kake ji."

"Nadine, aikina nake yi."

"Da ma aikinka kake yi, da na kwantar da hankalina, don ka iya shi. Ba ka neman wanda ya kashe Emmett. Ka riga ka sami wanda kake so."

"Me ya fi ni da shi?" Maganar ta kuɓuce masa kafin ya kama ta.

"Ba ya tambayata irin wannan," ta ce. Ta je ta zauna a bencin da ke bakin ƙofa, ta ce ba za ta tashi ba.

Ya ɗauki hularsa ya fice a fusace. Ya ƙudurta sai ya ɗaure maganar nan tamau, ta yadda babu lauyan da zai kwance ta. Abin da ya rage masa shi ne bakin wanda ya ɗaga gaban motar Nestor, kuma gareji ɗaya ne ke wannan aikin a Pardo Wells, na Mis Oleta Crane. Tsohuwa ce da ta gaji wurin daga mijinta, ta kuma fi shi iya aiki da iya baƙar magana. Ya same ta a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunta kawai ake gani.

"Mis Oleta, barka da aiki."

"Wane ne? Au, ɗan nan, kai ne. Miƙo min sifanar can."

Ya miƙa mata. "Ke kika daidaita gaban motar Nestor Arriaga?"

"Ni ce, tun bara. Sai me? Rabin mazan garin nan ni na ɗaga musu gaba."

"Zan so ki faɗi haka gaban alƙali."

"In faɗa mana, ƙarya zan yi?" Ta turo kanta waje, ta zauna tana goge hannu. "Ni abin ma haushi yake ba ni. A kawo min mota sabuwa dal, lafiyarta ƙalau, wai in ɗaga mata hanci don a burge 'yan mata. In na ɗaga kuma fitilu su koma kallon sama, sai na bi na sauke su da sukuddireba, in ba haka ba su makantar da bayin Allah a hanya. Ka san babu ɗayansu da ya san ina yin haka? Ko sannu. Abokinka Boyd ma da ya kawo tasa makon jiya, yana can bakin titi yana ta buga wa matarsa waya, ina kike, me kike yi, har na gama na rufe bonet bai waiwayo ba."

Hollis ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi.

"Boyd Pruitt?"

"Akwai wani Boyd ɗin?"

"Motar Boyd gabanta a duƙe yake. Ɗazu na auna ta."

"To ko idonka ko tef ɗinka, ɗaya ba shi da lafiya. Da hannun nan na sa zobban. Jajaye ne ma, shi ya zaɓa."

Ya koma mota ya zauna, bai tayar ba. Biri ya yi kama da mutum. Boyd ba ya shigowa gari sai da dalili, ba wanda ya lura da motarsa a mako guda. Mis Oleta kuwa ba ta karanta jarida, ba ta zuwa kotu sai an kira ta, kuma abin da aka tambaye ta kaɗai za ta amsa. In Hollis ya yi shiru, shi ke nan. Babu ɗaurin aure a wata mai kamawa. Nadine za ta yi kuka na shekara, wataƙila biyu, shi kuma yana nan, zai gyara mata famfo, zai kai ta coci. Ya hango duk wannan tar, kuma ya so shi. Ba sai an sakaya ba, ya so shi da zuciya ɗaya.

Ya tayar da mota. A mararraba ofis yana dama, hanyar Gishiri tana hagu. Ya tsaya har na bayansa ya yi masa hon. Abin da ya tsaya masa a rai Emmett ne, da ya taɓa kwana a turken dokin mahaifin Hollis yana jinyar dokin, ko kofi bai yarda ya sha ba. Ya juya sitiyari hagu yana zagin kansa, yana zagin Nestor, yana zagin ranar da aka ƙirƙiro tef ɗin awo.

Boyd yana cikin dogon siton ciyawarsa, motar tana ciki ita ma, ta fuskanci bangon ƙurya. Hollis ya shigo da motar ofis kai tsaye, ya jera ta kusa da ta Boyd, hanci da hanci. Kamfani ɗaya ne, shekara ɗaya. Ya sauka ya ja manyan ƙofofin ya rufe, wurin ya yi duhu.

"Yau kuma wane wasa ne wannan?" in ji Boyd yana dariya.

"Kunna fitilunka."

"Da rana tsaka?"

"Kunna, Boyd."

Ya kunna. Hollis ma ya kunna nasa. Haske biyu suka faɗa kan bangon katako. Na motar ofis ya tsaya a inda ya kamata. Na Boyd ya zauna can ƙasa, fiye da taƙi guda, rabinsa ma a kan daɓe ya zube.

Boyd ya kalli bangon, ya kalli Hollis. "Fitila ce, takan goce."

"Duka biyu, daidai wa daida? Ka ce min ba ka taɓa sa wa motar nan sifana ba."

"Ban taɓa ba."

"Mis Oleta ta ce makon jiya ta sa mata zobba. Jajaye."

Dariyar ta ɗauke. "To, na sa, ban ji daɗin tafiyar ba, na cire. Laifi ne? Kunya ce ta hana ni faɗa maka."

"Yaushe ka cire?"

"Da daɗewa. Kwana ɗaya suka yi."

"Kai da kake fita kai wa shanu ciyawa tun gari bai waye ba? Da wannan fitilar da ba ta haska komai sai tayarka? Da tuni ka koma ka yi wa tsohuwar nan rashin mutunci." Hollis ya matso. "Bari in faɗa maka yadda aka yi. Da ta ɗaga gaba, ta sauke fitilu don su daidaita, kana can kana waya, ba ka sani ba. Jiya ka bi Emmett ka ture shi. Ka sauka ka ga tambarin garkuwarka a motarsa, ka kuma san abin da zan fara yi shi ne awo, don ka sha ganina ina yi. Ka dawo nan ka sa jak, ka zare zobban, gaba ya koma ya duƙa. Mota ta koma ta kamfani, fitilu ba su koma ba. Yau da safe kuma ba ka fita ba, kana gida kana jirana da kofi."

"Surutu ne kawai. Ina zobban?"

Hollis ya kunna tocila ya bi kantar da ke jikin bango. Mutumin karkara zai iya yar da komai, ban da ƙarfe. Ko lanƙwasasshiyar ƙusa ce sai ya adana, wai wata rana za ta yi amfani. Gwangwanayen kofi ne jere, cike da notuna da tsofaffin sukurori. A na ƙarshe, ƙarƙashin wani tsumma, ga jajayen zobba biyu, man da ke jikinsu ko ƙura bai kama ba.

Boyd ya zauna a kan damin ciyawa.

"Dariya take yi masa," ya ce.

"Wa?"

"Lorna. Yana duƙe riƙe da ƙafar goɗiya, ya faɗi wata magana, ban ma ji me ya ce ba. Ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Hollis, rabon da ta yi min irin wannan dariyar na manta. Na ɗaga wa mota gaba, na sayi sabuwar hula, ko kallo ban ishe ta ba. Shi kuwa mai warin kofato, magana ɗaya."

"Akwai wani abu tsakaninsu?"

"Ban sani ba. Ina jin babu." Muryarsa ta karye. "Shi ne ma abin. Ina jin babu komai. Na bi shi ne in tsorata shi, in ɗan taɓa shi kawai. Da na ga ƙeyarsa ta gilashi, sai ƙafata ta ƙi tashi daga kan totur."

Hollis ya san wannan ƙafar, irinta ce a jikinsa.

Boyd ya ɗago kai, idonsa ya kaɗa. "Mutumina, tsaya ka ji. Wa ya sani? Ni da kai. Sukuddireba ɗaya, fitilu su koma daidai. Zobban nan ka jefa su a rijiya. Wancan yana hannunka, awo ya kama shi, bakinsa ya kama shi. Kana tsammani ban yi tunaninka ba da nake zare su? Na san wanda za ka auna bayana. Ka bar shi a ciki, Nadine ta dawo gida. Kai ma abin da kake so ke nan, kada ka yi min ƙarya."

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Shi nake so."

"To?"

"Tashi, Boyd. Juya."

"Hollis! Tare fa muka tashi."

"Na sani. Kawo hannunka."

Bai matse ankwar ba. Da suka fito Lorna tana tsaye a baranda, hannu a baki. Boyd bai kalle ta ba sai da mota ta fara tafiya, sannan ya juya yana leƙenta ta gilashin baya har ƙura ta rufe gidan.

A ofis Nadine tana nan kan benci inda ya bar ta. Ta ga Boyd da ankwa, ta miƙe tsaye. Hollis ya wuce ta, ya sa Boyd a ɗaki na biyu, ya buɗe na farko.

"Fito. Motarka tana bakin rijiya, ba wanda ya taɓa ta."

Nestor ya fito yana murza wuyan hannu, inda ƙarfe ya yi masa shata. Ya kalli Boyd, ya kalli Hollis, sannan ya miƙo hannu.

"Na gode, Yallaɓai."

Hollis ya kalli hannun. Ya so ya karɓa, wallahi ya so, amma hannunsa ya ƙi tashi.

"Ba don kai na yi ba."

"Na sani," in ji Nestor, ba tare da haushi ba. Ko a nan ma sai da ya fi shi.

Nadine ta riga ta iso. Ta kama hannun Nestor tana duba shatar, tana shafawa da babban yatsa, tana tambayarsa ko an ba shi ruwa. A bakin ƙofa ta waiwayo. Hollis ya tsaya cak yana jira, bai san me yake jira ba.

"Ka iya aikinka, Hollis," ta ce. Ta ja hannun Nestor suka fita.

Ya bi su da ido ta taga. Ya yi zaton in mutum ya yi abin da ya dace, zafin yakan ragu. Bai ragu ba ko ƙwayar zarra, sai ma ƙaruwa da ya yi, don yanzu da hannunsa ya buɗe ƙofar. Ya ɗebo ruwa a kofin roba ya kai wa Boyd, ya miƙa masa ta tsakanin ƙarafa.

Boyd ya karɓa, bai sha ba. "Sun tafi?"

"Sun tafi."

"Tare?"

"Tare."

Boyd ya gyaɗa kai. Hollis ya jawo kujera ya zauna a bakin ɗakin, don duk faɗin Pardo Wells babu wanda ya san abin da ke cin sa sai mutumin da ya kulle a ciki.